Hira Da Ɗa Ba Ta Jawo Raini

A wani ɗaurin aure da aka yi kwanakin baya a nan Kwanyawa, hira ta gangaro kan yaran zamani. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce duk uban da ya zauna yana hira da ɗansa da ya fara tasawa, to ya sayi raini da kuɗinsa. Ya ƙara da cewa, ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum. Jama'a suka gyaɗa kai. Ban tanka ba, domin ba a musu da babba a bainar jama'a. Amma ni uba ne ga yaro ɗan shekara 15, kuma rubutu ne aikina, saboda haka ga amsata cikin ladabi.

Dattijon bai faɗi ƙarya gaba ɗaya ba. Kwarjinin uba garkuwar gida ne, kuma gidan da babu mai tsawatarwa kango ne ko da an shafe shi da siminti. Mu ma a cikin kunya aka rene mu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, uba ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, in ya yi gyaran murya a zaure kowa ya shiga taitayinsa. Ga mu nan, ba mu lalace ba.

To amma me ya hana mu lalacewa? A gidan gandu muka tashi. Akwai kaka da ke tsokanar jikanta tana kiransa maigida, tana jin cikinsa a bakin murhu. Akwai baffa da ake tafiya gona tare, akwai kawu, akwai goggo. Yaron da ke jin nauyin mahaifinsa yana da kunnuwa goma da za su saurare shi, kuma maganar tana isa ga uban ta bayan gida. Yau gandu ya watse. Kowa ya ja katangarsa, baffanni sun tafi ci-rani Kano da Kaduna da Abuja. Uba ya riƙe shirun da ya gada, amma masu cike masa shirun ba sa nan. Waɗanda suka gaje su su ne majalisar bakin titi, da gidan kallon ƙwallo, da TikTok a wayar aboki.

Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan rahoton BBC da ya nuna halin da matasa suka shiga a Kano. Shekara 15 da aka fara ƙirgen daga kanta, ita ce shekarun ɗana. Mai sayar da ƙwaya kuwa ba ya ɗaure wa yaro fuska. Da fara'a yake tarbarsa, ya tambaye shi damuwarsa, ya saurare shi har ƙarshe.

Addininmu ma bai koya mana nesanta ba. Annabi Yusuf yana yaro ya yi mafarki, bai kai wa kowa ba sai mahaifinsa, Annabi Yaƙub. Da uban ba mai kusantuwa ba ne, da 'yan'uwan da ke hassadarsa za su fara ji. Annabi Ibrahim, da aka umarce shi da yanka ɗansa, sai da ya zaunar da yaron ya nemi ra'ayinsa. Luƙmanu ya yi wa ɗansa nasiha da tattausan kira, har aka sa wa sura ta 31 sunansa. Aƙra'u ɗan Habis ya ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana sumbatar jikansa Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Ba a yaba masa ba, gargaɗi aka yi masa kan rashin jinƙai. Wa ya kai waɗannan bayin Allah kwarjini?

Bara da rani, ina kan babur da ɗana za mu gonar albasa a gefen madatsar ruwa ta Challawa. Sunan mahaifina gare shi, don haka Abba nake kiransa. Daga bayana ya ce, "Baba, in faɗi wata magana, ba za ka yi faɗa ba?" Na ce, "Faɗi, Abba, ina jin ka." Ashe abokansa biyu sun bar makaranta sun tafi Abuja neman kuɗi, sun dawo da sababbin wayoyi, shi ma ya ƙudura zai bi su bayan Sallah. Raina ya ɓaci, amma na haɗiye. A bakin rijiyar ban-ruwa muka zauna muka lissafa abin da suke samu, da inda suke kwana, da inda za su kasance nan da shekara goma. Daga baya na kai shi Kusalla ya ga masu yi wa ƙasa hidima a sansaninsu. Yau yana aji biyu na babbar sakandare. Da na daka masa tsawa a ranar, da sai dai in wayi gari in tarar da shimfiɗarsa babu kowa.

Har gobe yana durƙusawa ya gaishe ni, ba ya haɗa ido da ni, ba ya ɗaga murya a gabana. Abin da ke zubar da girman uba daban ne: ya yi alkawari ya saɓa, ya hana abin da shi yake aikatawa, ya zagi uwar yaro a gabansa, ya fifita ɗan wani ɗaki a kan na wani. Da Hausawa suka ce ka ƙi naka duniya ta so shi, hana shi son zuciya suke nufi, ba hana shi kunnenka ba.

Iyaye maza na ƙasar Karaye da Rogo, ku riƙe kwarjininku, amma ku buɗe ƙofa. Ku tafi gona ko kasuwa tare da yaranku, ku tambaye su, ku jure jin amsar. Ɗan da bai samu mai sauraronsa a gida ba zai same shi a waje, kuma ba ku ne za ku zaɓa masa ba. Allah Ya shirya mana zuri'a.