Shin Ko Kun San? Masu Bishara a Ƙasar Zazzau

Daga Tudun Wada zuwa Dutsen Abba, Zariya gari ne na malamai da almajirai, amma a ƙasar nan akwai maƙwabtan da ke sujadar Lahadi da tsantsar Hausa. Sanin maƙwabci rabin zaman lafiya ne, don haka ga kaɗan daga labarinsu.

Shin ko kun san cewa a bakin masu bi, majami'a daban, ikkilisiya daban? Majami'a ita ce ginin. Ikkilisiya kuwa jama'ar ce, ko da a gindin bishiya suka taru.

Shin ko kun san cewa ikkilisiyoyin bishara sun ɗauki Littafi Mai Tsarki a matsayin alƙalin ƙarshe kan kowace koyarwa? Littattafai 66 ne a ciki, 39 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabon Alkawari. Ko fasto ne ya yi wa'azi, dattijuwa na iya buɗe nata ta duba ko haka abin yake.

Shin ko kun san cewa a wurinsu ba a gadon bangaskiya? Sun gaskata cewa ceto kyauta ce ta alherin Allah ta wurin gaskatawa da Yesu Almasihu, da mutuwarsa da tashinsa, kuma kowa sai ya tuba da kansa. Wannan suke kira sabuwar haihuwa. Shi ya sa a ECWA, ɗaya daga cikin waɗannan ikkilisiyoyi, ba a yi wa jariri baftisma. Sai mutum ya yi wayo, ya shiga aji, ya furta da bakinsa, sannan a nutsar da shi cikin ruwa.

Shin ko kun san cewa tushen ECWA ya taɓa ƙasar Zazzau? A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shigowa Arewa. A 1894 Gowans ya rasu a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent ya rasu a Bida. Bingham kaɗai ya tsira, shi ya ci gaba da mishan ɗin SIM, wanda ya kafa tasharsa ta farko a Patigi a 1902.

Shin ko kun san cewa a 1954 ikkilisiyoyin da SIM ta shuka suka haɗu suka zama ECWA, mai cin gashin kanta, da hedikwata a Jos? A 1976 mishan ya danƙa mata sauran ayyukansa. Dattawan da jama'a suka zaɓa ke riƙe da kowace ikkilisiya tare da fasto, kuma da baiko da zakkar masu bi ake yin rufi, a biya mai bishara. Asibitin ido na Kano, wanda aka buɗe a 1943, yana hannunta har yau, Musulmi da Kirista na layi ɗaya a ƙofarsa.

Shin ko kun san cewa Wusasa reshe ne daban? Na Angilikan ne, masu bishop. Dakta Walter Miller, ɗan mishan ɗinsu, ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, sannan a 1929 mishan ɗin nasu ya koma Wusasa, inda aka gina majami'ar Bartalamawus da laka, bisa tsarin ginin Hausa. A nan Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Shin ko kun san Isawa? Mabiyan Malam Ibrahim ne, malamin Kano na ƙarni na 19 wanda aka kashe saboda koyarwarsa kan Annabi Isa. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka nemi Miller, suka kafa zango a Gimi, har ciwon barci ya tarwatsa garin. Farfesa Ishaya Audu, ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, jininsu ne.

Shin ko kun san cewa cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932? Da shi ƙabilu masu yawa a Filato da kudancin Kaduna suka koyi karatun boko, har Hausa ta zama harshen addu'arsu.

Shin ko kun san ƙarfin Zumuntar Mata? Ku leƙa ranar Lahadi ku ga iyaye mata cikin zane iri ɗaya, ɗaya na buga tulu, wata na kaɗa gora, mai ba da waƙa na jefawa ana amsawa. Su ne kuma na farko a gidan haihuwa, da gidan rasuwa, da gefen gadon majinyaci.

Hausawa da Fulani da Barebari masu wannan bangaskiya suna kiran kansu Masihiyawa. Tuwonmu ɗaya da su, kasuwarmu ɗaya, gaisuwarmu ɗaya. Wanda ya san abin da maƙwabcinsa ya gaskata, mai zuga ba ya samun ƙofa a wurinsa.