Uwargida, Ina Keken Ɗinkinki?

 

Yau zancenmu a kan wani baƙo ne da ke zaune a ɗakunan da yawa daga cikinmu, an yi masa lulluɓi da tsohon zani, an ɗora masa kwanuka ko kwandon kayan wanki a ka. Keken ɗinki nake nufi. Wata mahaifinta ne ya tsuke bakin aljihunsa ya saya mata a kayan ɗaki, wata adashi ta ɗauka ta saya da gumin goshinta, wata ma sai da ta yi shekara cur tana zuwa gidan koyo. Amma tun da aka yi haihuwar fari keken bai sake juyawa ba. In kin tambaye ta dalili, amsar dai guda ce, wai ina ta ga lokaci, ga girki, ga wanki, ga goyo, ga maigida.

Ban ce ƙarya take yi ba, aikin gida ba shi da ranar hutu. Sai dai ina so mu tuna cewa rayuwa ba ta da tabbas. A watan Maris na 2016 gobara ta tashi cikin dare a Kasuwar Sabon Gari, ta cinye dubban shaguna, magidanta masu rufin asiri suka wayi gari babu jari. Ga mutuwar miji, ga mutuwar aure, ga tsadar kayan masarufi. A irin wannan rana ce ake gane bambancin macen da ke da sana'a a hannunta da wadda ko kuɗin ashana sai ta jira an ba ta. Ko a addinance ma muna da abin koyi, domin Uwar Muminai Nana Zainab 'yar Jahshi (R.A.) sana'ar hannu take yi, tana sadaka da abin da ta samu. Nana A'isha (R.A.) kuma ta ba da labarin cewa Manzon Allah (S.A.W.) da kansa yake ɗinke tufarsa. To ke wace ce da za ki ji kunyar allura da zare?

Ina lokacin yake?

Kuskuren da yawancinmu ke yi shi ne jiran wata rana da za mu samu wuni guda babu aikin komai, sannan mu buɗe keke. Wallahi ƙawata wannan ranar ba za ta zo ba, sai dai ki tsufa kina jira. Ɗinkin matar aure tsintar lokaci ake yi masa, kamar yadda kaza ke tsintar tsaba. Ki lissafa da kanki. In kin ware minti 30 kacal a kullum, a mako kin sami awa 3 da rabi, a wata kuwa awa 15 ke nan. Masu iya magana suka ce da yayyafi kogi kan cika.

Lokaci mafi albarka shi ne hantsi, bayan maigida ya fita, yara sun tafi makarantar boko, kin gama shara da wanke-wanke, ba ki kai ga ɗora sanwar rana ba. Ga haske, ga gida shiru. A nan ne za ki yi abin da ke buƙatar natsuwa, wato awo da yanka, domin in almakashi ya ci yadi ba daidai ba, kuka ba ya mayar da shi. Sai kuma bayan la'asar, in yara sun tafi Islamiyya, ki hau keke ki haɗa abin da kika yanka. Ƙananan ayyukan hannu kuwa, irin su sa maɓalli, kalmasa da tsinke zare, ki tara su a 'yar jaka, ki yi su kina hira da baƙuwa ko kina jiran wake ya nuna. Amma kada ki ɗinka baƙin yadi da dare a hasken fitila, idonki ya fi kuɗin ɗinkin daraja.

Wadda take da abokiyar zama kuwa, ai ita gaba ta kai ta. Ranakun da ba ke ce da girki ba, maimakon ki kasa kunne kina jin me ake faɗa a ɗakin 'yar uwarki, ki ja kekenki ki yi ta aiki. Ƙarar keke maganin gulma ce, kuma maganin tunanin banza. Ran girkinki kuwa ki rufe shi ruf, ki ji da mijinki.

Sannan mu faɗa wa junanmu gaskiya. Awa nawa kike yi a kan waya, daga WhatsApp ki faɗa TikTok? Fim nawa kike kallo a mako? Har littattafan nan namu na soyayya da muke rubuta muku, ba mu ce ki wuni a kwance kina bin labarin wata tauraruwa, kekenki na tsatsa ba. Ki karanta babi guda, ki ajiye, labarin ba zai gudu ba.

Shiga kasuwa sau ɗaya tak

Wani abin da ke cinye lokaci shi ne aike. Kin zauna za ki fara, sai ki ga babu zare, ki tashi yaro, ya dawo da wani launi daban, kafin a canjo an kira azahar. Maganin wannan shi ne ki shiga kasuwa sau ɗaya a wata, da izinin maigida, ki haɗo komai.

Mu da ke Kano Allah Ya hutar da mu. Kasuwar Sabon Gari, wadda sunanta na hukuma shi ne Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, gwamnan da ya mulki jihar daga 1979 zuwa 1983, tana cikin ƙaramar hukumar Fagge. Unguwar kanta ta kafu ne bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, lokacin da baƙi daga kudu suka yi ta zuwa neman abinci, shi ya sa har yau za ki ga Bahaushe da Ibo da Bayarabe suna ciniki kafaɗa da kafaɗa. A can za ki sami zare, allura, zif, maɓallai, almakashi, tef ɗin awo, alli da man keke. In atamfa ce ko shadda ko leshi, ga Kantin Kwari nan kusa, ita ma a Fagge.

Tun daga gida ki rubuta abin da kike so a takarda, ki tafi da ɗan guntun yadin da za ki ɗinka don ki gwada launin zare a kansa. Farin zare da baƙi ki saye su da yawa, kullum ana nemansu. Allurar keke lamba-lamba ce: lamba 11 ta yadi mai laushi ce, lamba 14 ita ce ta atamfa, lamba 16 kuma ta abu mai kauri. Ki yi sammako kafin rana ta take cunkoso ya yi yawa, ki riƙe jakarki da kyau. Ki guji ranar Lahadi, domin da yawa daga cikin 'yan kasuwa 'yan kudu ba sa buɗewa. In keke za ki saya, ko Butterfly ne ko Singer, ki tafi da wadda ta san kan abin, a sa masa zare a gwada a gabanki. Ni dai shawarata ki fara da na ƙafa, don shi babu ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke.

Ƙyallen da kike zubarwa kuɗi ne

Yanzu bari in ba ki aikin da ya fi dacewa da mace mai hidima, domin ana yinsa gutsure-gutsure, kuma babu mai tsaya miki a ka. Shi ne haɗa guntayen ƙyallaye a yi shimfiɗar jariri, ko rigar filo, ko abin rufar gado. A Amurka da Ingila mata sun daɗe suna wannan sana'a, har gasa suke yi a kanta. Amma kada ki ɗauka baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Duk wadda ta taɓa kallon Hawan Daushe ta ga 'yan lifida, su da dawakansu cikin tufa mai kauri. Lifidi ba wani abu ba ne illa yadi biyu da aka cusa wa auduga a tsakiya aka bi da ɗinki, kuma littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna tun zamanin Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, aka san shi a garin nan. Abin da ya tare wa mayaƙa kibiya, shi ne zai tare wa jaririnki sanyin hunturu.

Ga yadda za ki yi. Ki tara ragowar atamfofinki, ki roƙi na 'yan uwa, ko ki yi magana da telan unguwarku ya riƙa ajiye miki. Ki zaɓi masu nauyi ɗaya, kada ki haɗa atamfa da yadi mai santsi. Ki wanke su tukuna, don wadda za ta zuba ta zuba tun yanzu, sannan ki goge. Ki yanki kwali mai kusurwa huɗu, inci 6 kowane gefe, shi ne ma'auninki. Ki ɗora shi a kan ƙyalle, ki zana da alli, ki yanka. In kin bar rabin inci na ɗinki a kowane gefe, kowane gida zai tashi inci 5. Gida 48 kike buƙata, wato layi 8, kowane layi gida 6, sai ki sami shimfiɗa mai faɗin inci 30 da tsawon inci 40.

In kina yanka gida 10 a kullum, kwana 5 kin gama yanka. Ki shimfiɗa su a kan gado ki jera launukan yadda suka yi miki, mai haske kusa da mai duhu. Kullum ki haɗa layi guda, kwana 8 ke nan, kina goge bakin ɗinkin ya kwanta. Kwana 2 ki haɗa layukan da juna. Daga nan sai ki shimfiɗa yadin da zai zama baya, ki ɗora tsohon bargo mai tsabta marar nauyi, ki rufa haɗin ƙyallenki a sama. Ki kama su duka da manyan ɗinki na hannu wanda za ki warware daga baya, sannan ki bi layukan da keke, kina farawa daga tsakiya zuwa gefe don kada ya tattare. Ki ba wannan mako guda. Abin da ya rage shi ne ki naɗe bakin da siririn yadi. Wata bai cika ba kin gama, kuma tuwon gidanki bai makara ko sau ɗaya ba. Ki kai wannan gidan suna ki gani, wallahi kafin ki fito sai an tambaye ki nawa kike yi.

Gare ku 'yan makaranta

Ƙannena, ku ne kuka fi kowa lokaci, ko da yake ba za ku yarda ba sai kun shiga ɗaki. Karatu shi ne gaba, ban yarda a ɗauki allura ana gobe jarrabawa ba. Amma ga dogon hutu, ga watannin nan da ake zaman jiran sakamakon WAEC da NECO. Maimakon yawon gidajen ƙawaye da dogon zance a ƙofar gida, ki roƙi Umma ta kai ki wajen wata mai ɗinki a unguwa. Ki fara da facin kayan ƙannenki da kalmasar ɗankwali. Wadda ta koya a gaban iyayenta ba ta shan wahala a gidan miji, kuma ko jami'a kika tafi, sana'arki na cikin jakarki.

Kada garin neman gira a rasa ido

Sai dai fa a yi hattara, 'yar uwa. Kada son kuɗi ya sa maigida ya dawo ya tarar da tsakar gida duk ƙyallaye, abinci ya ƙone, ke kuma ko wanka ba ki yi ba. Daga ranar zai tsani keken, kuma ke kika jawo. Tun farko ki zauna da shi cikin ladabi ki nuna masa amfanin abin, ran da kika karɓi kuɗin farko ki ɗinka masa sabuwar rigar filo, ki yi wa yara ɗan abin marmari. Allura da reza da almakashi kuwa ki sa su a gwangwani mai murfi, ki ɗora inda mai rarrafe ba zai kai ba, kuma duk allurar da ta karye ki nemo guntunta kafin ki tashi.

Sannan ki tsare alkawari. Duk mun san yadda ake cika shagunan teloli da rigima a daren Sallah. Ke da kike da iyali, ki san iyakar abin da za ki iya, da azumi ya raba tsakiya ki daina karɓar aiki, don ki sami goman ƙarshe ki yi ibada. Gara a ce ba ki karɓa ba da a ce kin hana yarinya kwalliyar Idi. Kuɗin da kika samu kuma ki raba uku: na sayen kayan aiki, na asusu ko adashi, sai na biyan buƙatarki. Bashi kuwa ki yi kaffa-kaffa da shi, shi ke kashe sana'ar mata a cikin gida.

To uwargida, gobe da hantsi in Allah Ya kai mu, ki sauke kwanukan nan, ki yaye zanin, ki goge ƙura, ki ɗiga masa mai, ki fara ko da da ɗinke aljihun rigar makarantar ɗanki ne. Allah Ya sa wa sana'o'inmu albarka, Ya ba mu zaman lafiya a ɗakunanmu, 'yan mata kuma Ya haɗa su da mazaje nagari, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum.