Hawan Keke Da Waya A Aljihu: Wa Ke Kallon Hanyar Da Kake Bi?

Shekara biyu da suka wuce bayana ya fara ciwo. Aikina rubuta manhaja ne, sana'ar da na koya da kaina a waya da wata tsohuwar kwamfuta, kuma akwai ranakun da nakan zauna tun safe har la'asar ba na tashi sai don sallah da abinci. Yayana ya ce in nemi abin da zan riƙa motsa jiki da shi. Ƙwallo ba ta karɓe ni ba, kuɗin gidan motsa jiki kuma babu, sai na yi tari na sayi keken hawan tsauni na hannu, irin mai faffaɗar taya. Duk Asabar nakan fito daga cikin Zariya in nufi wajen dutsen Kufena, in zaga ta hanyoyin gona in dawo.

Kamar kowane mai son waya, tun ranar farko na sauke manhajar da ke auna tafiya. Tana nuna min kilomita nawa na yi, da gudun da na yi, ta kuma zana hanyar a taswira. Abin ya yi min daɗi ƙwarai.

Wata Asabar na tsaya wajen mai shayi, sai wani matashi da ban taɓa gani ba, shi ma da kekensa, ya kira sunana. Ya ce, “Malam, ai kai ne mai fitowa shida da kwata. Yau ka makara.” Ya miƙo min wayarsa. Ga hotona, ga duk tafiye-tafiyena na wata huɗu, kowane layi ya faro daga ƙofar gidanmu ya kuma ƙare a nan. Mutumin kirki ne, yanzu ma tare muke fita. Amma ranar ban ji ɗanɗanon shayin nan ba. Laifin kuma nawa ne: na buɗe asusu, na yi ta danna maɓallin amincewa ba tare da na karanta komai ba, ni da nake rubuta irin waɗannan manhajoji.

Abin da na koya daga ranar zuwa yau shi zan ba ku a nan, ko keke kuke hawa, ko gudu kuke yi, ko tattaki.

Me waya take rubutawa idan kana tafiya?

Da na koma gida na sauke tafiya ɗaya a matsayin fayil na buɗe a kwamfuta. Irin wannan fayil ana kiransa GPX, kuma rubutu ne zalla da kowa zai iya karantawa. A ciki akwai jerin ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo ɗauke da lambobin da ke nuna daidai inda kake a doron ƙasa, da tsayin wurin, da lokacin da ka taka shi har zuwa daƙiƙa. Idan manhaja tana ajiye ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa, tafiyar awa ɗaya ɗigo 3,600 ke nan.

Waɗannan lambobi daga taurarin ɗan adam na GPS suke zuwa, waɗanda ke zagaye a nisan kusan kilomita 20,000 daga ƙasa. Wayarka tana sauraren saƙon aƙalla guda huɗu, ta lissafa tsawon lokacin da kowane saƙo ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta gano inda take. Wayoyin yanzu da yawa suna haɗawa da Galileo na Turai, da GLONASS na Rasha, da BeiDou na Sin. A fili inda ba gini ba bishiya, kuskuren bai cika wuce kamar mita 5 ba. Mita 5 kuwa ta isa a bambance ƙofarku da ta maƙwabta.

Abu ɗaya da mutane da yawa ba su sani ba shi ne GPS saurare kawai yake yi. Ba ya buƙatar data, kuma ba ya aika wa kowa inda kake. Manhajar da ka ba izini ita ce ke kwasar lambobin ta ɗora a intanet. Saboda haka maganin yana cikin saitin manhajar.

Ba ni kaɗai abin ya taɓa kamawa ba

A watan Nuwamban 2017 kamfanin Strava, ɗaya daga cikin manyan manhajojin 'yan keke da 'yan gudu, ya fitar da taswirar duniya da ke haska hanyoyin da masu amfani da manhajar suka fi bi. A watan Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya mai suna Nathan Ruser ya lura da wasu layuka masu haske a tsakiyar wuraren da ba kowa a ƙasashe irin su Siriya da Afganistan. Sojoji ne ke gudun motsa jiki a cikin sansanoninsu, wayoyinsu da agogunansu suna zana siffar sansanin ga duk mai son gani. A 2024 kuma jaridar Le Monde ta Faransa ta nuna cewa ana iya gano inda wasu shugabannin ƙasashe suke ta hanyar bin asusun masu tsaron lafiyarsu a manhajar.

Ba kutse aka yi wa kowa ba. Mutane ne suka bar asusunsu a buɗe. Mu kuma a nan Arewa ba sai an yi mana dogon bayani ba kan haɗarin a san cewa wane yana bin hanyar gona shi kaɗai, ranar kaza, da ƙarfe kaza, da waya mai tsada a aljihu. Ga 'yan'uwa mata masu fita tattaki da safe abin ya fi nauyi.

Saiti biyar kafin ka sake fita

Na ɗaya, shiga sashen sirri na manhajar ka duba wa ke iya ganin tafiye-tafiyenka. Yawanci zaɓi uku ne: kowa da kowa, mabiyanka, ko kai kaɗai. Ka zaɓi ɗaya daga cikin biyun ƙarshe. Ka lura cewa sabon saiti ba lallai ya shafi tsofaffin tafiye-tafiye ba, sai ka koma ka gyara su su ma.

Na biyu, ka sa sai da amincewarka mutum zai zama mabiyinka, sannan ka tace waɗanda ke ciki. Wanda ba ka san fuskarsa ba ka cire shi.

Na uku, ka ɓoye farkon hanya da ƙarshenta. Strava da wasu manhajoji suna da wannan saiti. Ni dai abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne ba na kunna awon sai na kai babban titi, kuma a nan nake kashewa idan na dawo. Abin da waya ba ta rubuta ba, ba wanda zai gani.

Na huɗu, ka hana a saka bayananka cikin taswirar gama-gari. A babban birni layinka zai ɓace cikin na dubban mutane. A ƙaramin gari ko hanyar ƙauye kuwa, wataƙila kai kaɗai ne ke zana layin.

Na biyar, ka kula da hoto. Idan ka ba kyamara izinin sanin wuri, tana ɓoye lambobin wurin a cikin hoton. WhatsApp yana cire su idan ka tura a matsayin hoto, amma idan ka tura a matsayin fayil suna tafiya tare da shi. Hoton taswirar da kake ɗorawa a Facebook don a yaba maka shi ma taswirar gidanku ce. In dai sai ka ɗora, ɗora lambobin kilomita kawai, kuma bayan ka dawo gida.

Akwai wanda ya kamata ya san inda kake

Duk wannan ba yana nufin ka fita ba wanda ya san inda ka dosa ba. Mai hawan keke a kan duwatsu yana iya faɗuwa ya kasa tashi. Kafin in fita nakan tura wa yayana wurina kai-tsaye ta WhatsApp, wanda ke ba da zaɓin minti 15, awa 1 ko awa 8. Nakan zaɓi awa 8, in kashe idan na shigo gida. Nakan kuma faɗa masa da baki hanyar da zan bi da lokacin dawowa, domin inda sabis ya ɗauke wannan ɗigon yana tsayawa wuri ɗaya.

Ka sauke taswirar yankinku tun kana gida. Google Maps yana ba da damar haka, akwai kuma Organic Maps da OsmAnd da ke aiki ba data. Ka cike bayanan gaggawa a saitin waya, yadda wanda ya tsince ka zai ga lambar ɗan'uwanka ko da wayar a kulle take. Lambar kiran gaggawa a Najeriya 112 ce. Sannan ka tambayi mutanen yankin halin da hanya take ciki kafin ka shiga. Manomin da ke wurin ya fi kowace taswira sanin abin da ya faru jiya. Matambayi ba ya ɓata.

Kada kekenka ya kashe maka waya

Na ga mutane da yawa suna ɗaure waya a kan keke, fuskarta tana kallon rana. Kamfanin Apple ya ce an ƙera iPhone don ta yi aiki tsakanin ma'aunin zafi 0 zuwa 35, mu kuwa a watan Afrilu muna ganin 40. Ka haɗa rana, da GPS, da hasken fuskar waya a ƙure, wani ma har da caji, batirin zai tsufa kafin lokacinsa. Akwai kuma girgiza. A 2021 Apple ya yi gargaɗin cewa girgizar manyan babura tana iya lalata na'urar da ke daidaita kyamara. Keke ba shi da inji, amma hanyar tsakuwa ba ta da tausayi, ni dai ba zan gwada da tawa ba.

Wayata tana cikin ƙaramar jaka a bayana, fuskarta a kashe, a cikin leda mai zif saboda gumi da ƙurar hunturu da ke toshe ramin caji. A haka batirin yana daɗewa sosai.

Idan ka dawo ka ga layin tafiyarka ya yanke ko ya miƙe ɗoɗar ta kan gidajen mutane, yawanci tsarin tanadin batir ne ya kashe manhajar bayan fuskar waya ta mutu. Wayoyin Android da yawa suna yin haka. Shiga saitin batir ka cire wa manhajar takunkumi, ka kuma ba ta izinin sanin takamaiman wuri.

Lambobin nan ƙiyasi ne

Akwai lokacin da lambobin suka zame min jaraba. Idan gudun yau bai kai na makon jiya ba sai raina ya ɓaci. Har na taɓa sakin birki a gangare don kawai in karya lambar da na kafa. Tayar gaba ta shiga rairayi, na yi sama na dawo. Hular kwano ce ta cece ni, gwiwa kuwa ta yi sati uku tana tuna min.

Nisan da waya ke nunawa yana kusa da gaskiya. Tsayin da ka hau ya fi yawan kuskure, musamman a wayar da ba ta da na'urar auna nauyin iska. Adadin kuzarin da aka ce ka ƙona kuwa lissafi ne daga nauyinka da shekarunka da gudunka, kada ka auna tuwonka da shi. Agogon hannu yana ƙirga bugun zuciya ne ta hanyar haska koren haske cikin fata, don haka girgiza, ko sakin maɗauri, ko zanen tatu a wuyan hannu duk suna iya rikita shi. Hatta taku 10,000 da kowace manhaja ke sa mu bi, asalinsa sunan wata na'urar ƙirga taku ce da aka sayar a Japan a shekarun 1960.

Ma'aunin da na riƙe shi ne na Hukumar Lafiya ta Duniya: babba ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Matsakaici shi ne wanda za ka iya magana kana yi, amma ba za ka iya rera waƙa ba. Wannan ba ya buƙatar agogo ko data. Wanda ke da hawan jini, ko ciwon zuciya, ko asma, ya ga likita kafin ya fara.

Abin da ke cikin jakata

Gorar ruwa biyu, ƙaramin famfon iska, kayan faci, 'yan kuɗi a hannu saboda ba kowane mai faci ke karɓar tiransifa ba, da dabino. Hular kwano tana kaina tun daga ƙofar gida. Ina fita da sassafe in dawo kafin rana ta yi ƙarfi, ba na sa abin sauraren kiɗa a kunne a kan titi, kuma ba na bin hanya ɗaya a lokaci ɗaya kowane mako. Yanzu mu huɗu ne muke fita, abin da ya fi duk wani saiti amfani.

Ciwon bayan ya ragu sosai, manhajar kuma tana nan a wayata, sai dai mutum shida ne kawai ke ganin abin da ke ciki. Kafin Asabar mai zuwa ka karɓi wayar abokinka wanda ba ya bin ka, ka nemi sunanka a manhajar da kake amfani da ita. Abin da ka gani a nan shi baƙo yake gani. Idan ƙofar gidanku ta fito, ka gyara a daren nan. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.