Yadda Za a Daidaita Kwamfutar Ƙungiya Domin Ma'ajin da Idonsa Ya Fara Rauni

'Yan'uwa manoma, bayan kakar albasa da ta wuce an kira ni zaman wata ƙungiyarmu ta wajen Kalmalo, kusa da Illela, domin wata 'yar rigima. Ma'ajinsu dattijo ne, ya fi shekara goma yana riƙe da kuɗinsu, ba a taɓa jin ko kwabo ya yi ciwon kai a hannunsa ba. To, ran nan yana karanta bashin taki daga kwamfuta, sai ya ce wani ɗan ƙungiya yana da bashin ₦86,000, alhali ₦36,000 ne. Mutumin ya tashi tsaye, aka yi ta cacar baki, har wasu suka fara cewa a sāke ma'aji. Da na duba, lissafin daidai yake. Idon dattijon ne ya ga 3 kamar 8, gama rubutun ƙanana ne, ga ƙura a fuskar kwamfutar, ga hasken rana ta taga.

Wannan ba abin mamaki ba ne. Daga wajen shekara 40 idon kowa yakan fara kāsa ganin abin da ke kusa. Kuma a ƙungiyoyinmu waɗanda suka kai waɗannan shekaru su ne aka fi amince wa da kuɗi. In muka tuɓe su saboda ƙanƙantar rubutu, mun yi hasarar amana a kan abin da za a gyara cikin minti goma. Masu ƙera Windows da Word da Excel sun sa hanyoyin taimakon masu raunin ido ko hannu a ciki tun daga masana'anta, ba a biyan ƙarin kuɗi. Sani ne kawai ya yi mana ƙaranci.

Mu fara da girman rubutu, domin nan ne aka fi ruɗewa. Hanya biyu ce, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Ta fari ita ce kusanto da shafi. A riƙe maɓallin Ctrl, a murza 'yar ƙafar da ke tsakiyar maus zuwa gaba, sai shafin ya girma. In babu maus, akwai wani ɗan ma'auni a kusurwar ƙasa ta hannun dama, a ja shi. Excel yana kaiwa ninki huɗu, Word kuwa ninki biyar, amma ga yawancin mutane ninki ɗaya da rabi ya isa. Abin lura shi ne wannan ba ya taɓa takarda. In aka kai wa mai firinta a Illela, rubutun zai fito ƙanana yadda yake tun da. Don haka takardar da za a karanta a gaban taro, sai an sāke girman haruffan kansu, daga 11 ko 12 da suke zuwa da shi, a mai da su 14 ko 16. A zaɓi haruffa marasa ado, irin su Arial ko Tahoma. Akwai kuma Andika, wanda ƙungiyar SIL ta tsara musamman domin sababbin masu karatu, kyauta ne, yana kuma da ɓ da ɗ da ƙ duka.

Sai dai kusanto da shafi ba ya ƙara girman sunayen da ke jere a sama, watau wuraren da ake latsawa. Domin wannan, a danna maɓallin Windows, mai hoton taga, tare da harafin U. Shafin taimako zai buɗe. A nan ake ƙara girman rubutun kwamfutar gaba ɗaya, a nan kuma ake ƙara girman kibiyar maus, a sāke mata launi. Dattijon nan namu kibiyar ce ta fi ɓace masa. Muka mai da ita babba, ruwan ɗorawa, ya daina lalube. Wanda idonsa ya fi haka rauni yana iya danna maɓallin Windows tare da alamar tarawa, sai madubin ƙara girma ya fito, ya riƙa bin kibiya duk inda ta nufa. Windows tare da Esc yana kawar da shi. Wanda farin shafi ke kashe wa ido kuwa, a wannan shafin taimako ne zai mai da bangon baƙi, rubutu fari.

Yanzu ga littafin kuɗi. Da an girmama shafi, layuka kaɗan ne ke samun wuri, kuma da an gangara ƙasa sai kan shafin ya ɓace, mutum ya rasa wane jeri ne na zubi, wane ne na bashi. Maganinsa, a shiga inda aka rubuta View, a zaɓi Freeze Panes, a kafe layin sama da jerin sunaye. Daga nan ko an kai mutum na ɗari, kan shafin yana nan daram. Sa'an nan a sa waƙafi a tsakanin dubbai. Ko mai lafiyar ido yana iya tuntuɓe a kan 1200000, amma 1,200,000 ba ya ɓoye kansa.

Wani abu da na sha gani, kuma ba na so, shi ne nuna masu bashi da jan launi kawai. Akwai mutane, galibi maza, da ba su rarrabe ja da kore sosai, wasu ma ba su san suna da wannan hali ba. Ban da haka, firinta mai baƙin tawada za ta mai da jan nan toka-toka, ya saje da sauran. A buɗe jeri guda a rubuta kalmar da baki: "ya biya", ko "saura".

Akwai kuma taimakon kunne. Excel yana iya faɗin kowace lamba da murya da zarar an shigar da ita. Sunan wannan umarni Speak Cells on Enter, amma a ɓoye yake, sai wanda ya saba ya fito da shi ya ɗora a ɗan layin da ke can sama. Ni a ganina wannan ya fi kome amfani ga ma'aji, ko idonsa garau ne, gama kunne yakan kama abin da yatsa ya kuskure. Da Turanci yake faɗin lambobin, ko da Faransanci in kwamfutar ta Faransanci ce. Sunayen Hausa kuwa yakan murɗe su har a yi dariya. Ga wanda ba ya gani sam, Windows yana da mai karatu da ake kira Narrator. Akwai kuma NVDA, wanda Michael Curran ya fara a ƙasar Ostareliya a 2006, James Teh ya haɗa hannu da shi, dukansu biyu makafi ne, kuma kyauta ake ba da shi. Amma koyon waɗannan aikin makonni ne, ba na yini ɗaya ba.

Mu da ke bakin iyaka muna da wata matsala tamu ta daban. Kwamfutar da aka sayo daga Ƙonni ko Maraɗi sau da yawa tsarin Faransa gare ta. Za ka gane ta da layin haruffa na sama, yana farawa da AZERTY maimakon QWERTY. A irinta, lambobin layin sama ba su fitowa sai an riƙe Shift, ko an kunna Caps Lock. Wannan wahala ce kawai. Haɗarin yana wajen waƙafi. A lissafin Faransa waƙafi shi ne ke raba cikakkiyar lamba da gutsurenta. Watau in ka rubuta 1,500 kana nufin dubu da ɗari biyar, Excel zai ɗauka ɗaya da rabi ka ce, ya tara da haka, ba zai yi maka kashedi ba. Saboda haka kafin a shigar da ko lamba ɗaya, a shiga wajen zaɓen yanki a cikin saitin Windows a mai da tsarin lambobi na Nijeriya. Ƙungiyar da ke sayar da albasa da naira da kuma sefa ta ba kowane kuɗi jerinsa, ta rubuta sunansa a kai. A kuma rubuta sefa da ainihin lambarta, ba da ƙirgen baki ba, gama a tsallaken dala tamma biyar ce, jaka kuma dubu, wanda bai saba ba sai ya ruɗe.

Ba ido kaɗai ba ne. Muna da 'yan'uwa da kuturta ta rage wa yatsu, da waɗanda shan inna ko shanyewar ɓarin jiki ta bari da hannu ɗaya, kuma cikinsu akwai masu kaifin lissafi. Danna maɓalli biyu ko uku a lokaci guda shi ne ke kayar da su. A danna Shift sau biyar a jere, a amsa tambayar da za ta fito. Daga nan ana iya danna Ctrl a sake shi, kāna a danna harafin, kwamfuta za ta ɗauka tare aka danna. Mai rawar hannu, wanda harafi ɗaya ke fito masa sau uku, a riƙe masa Shift na hannun dama na daƙiƙa 8, kwamfuta za ta daina kula da maimaicin da ba a nufa ba.

Magatakarda kuma yana da rabonsa. Word yakan ja jan layi a ƙarƙashin kowace kalmar Hausa, yana zaton kuskuren Turanci ne, shafi ya cika da ja har ido ya gaji. Ana kashe wannan a File, sai Options, sai Proofing. A wurin nan ne kuma AutoCorrect yake, inda za a koya wa Word cewa in an buga haruffa uku kaza, ya rubuta cikakken sunan ƙungiya. Haruffanmu masu lanƙwasa ma suna samuwa: a buga 0199 a danna Alt da X tare, ƙ ya fito. Na ɗ 0257 ne, na ɓ 0253, alamar naira kuwa 20A6. A bar fili kafin lambar, don kada ta haɗu da harafin da ke gabanta. Wanda zai riƙa rubutun Hausa kullum gara ya ƙara tsarin madannan Hausa da ke cikin Windows.

In mutum biyu ko uku ke aiki da kwamfuta ɗaya, a buɗe wa kowa ƙofar shigarsa da sunansa, gama Windows yana ajiye wa kowa nasa gyaran. In ba haka ba, yaro zai zo ya mai da kome ƙanana domin kallon ƙwallo, dattijo ya dawo ya rasa ta inda zai fara.

Duk wannan ba magani ba ne. Girman rubutu yana rage wahala, amma ba ya cire yanar ido, ba ya kuma tsai da hawan jinin ido, wanda ke cin gani a hankali ba tare da ciwo ba. Wanda ya ga kullum sai ƙara girman yake yi, ya je a auna shi, a Sakkwato ko a asibitin ido na ECWA da ke Kano. Ma'ajin nan namu ya je, aka ba shi tabarau na karatu. Ƙungiyar kuma ta yanke cewa ranar zama za a buga lissafi a takarda da haruffa masu girman 16, ma'aji ya karanta lamba, magatakarda ya maimaita ta daga tasa takardar kafin a wuce zuwa suna na gaba.