Sandar metir cikin garka

Ƴan uwa manoma na Kiyeshe, sanyi ya shigo, lokacin garka ya yi. A nan cikin Dallol Mawri Allah ya kusanto muna da ruwa. Tun bayan yunwar 1984, da gwamnatin Seyni Kunce ta matsa ga noman rani, garkuna sunka yawaita daga Dutsi har Tibiri. Amma har yanzu da yawa cikinmu da ƙafa muke awo.

Kakanninmu sun bar muna kamu da gaba da ɗani. Ba mu raina su ba, da gaba anka auna rijiyoyinmu. Sai dai ran nan a ajinmu na yaƙi da jahilci na sa mutum biyu, dogo da gajere, kowa ya auna igiya kamu 10. Da munka jera igiyoyin, ta dogon ta ɗara ta gajeren sosai. Aji ya fashe da dariya. Na ce, to, wace ce ta gaskiya?

Metir ba shi da dogo, ba shi da gajere. A Faransa anka kafa shi a 1795, yau kuwa da shi malamin gona ke magana, da shi ake rubutu bisa buhun taki da kwalbar magani. Metir 1 santimetir 100 ne. Ka tafi wurin tela, shina da abin awo. Ka yanke sanda miƙaƙƙiya daidai metir 1, ka yi mata shaida da wuƙa kowane santimetir 10. Ba ka kashe ko dala ba.

Fangali ka yi shi faɗin metir 1, tsawon metir 10. Da wannan faɗi hannunka na kai tsakiya ba tare da ka taka shuka ba. Albasa ƴar Galmi, bar santimetir 10 zuwa 15 tsakanin dashe. Shu, mai faɗin ganye, 40 zuwa 50. Dankalin turawa 30 tsakanin rami da rami. Irinsa na da tsada, in ka cushe shi ɗiyan ƙanana za su fito, mai saye a kasuwar Dutsi ko kallonsu ba ya yi.

Inda an fi yin asara shi ne wajen takin zamani. Ni kaina na taɓa ƙone fangali uku na salati, don na watsa da hannu, ina cewa yawa shi ne albarka. Kwana kaɗan ganye ya bushe. Ga lissafin da ban yi ba. Hekta fili ne metir 100 tsawo, metir 100 faɗi, watau fangali irin namu 1000. In malamin gona ya ce kilo 200 ga hekta, fangalinka garam 200 ne rabonsa, kashi ɗaya cikin biyar na kilo. Ka je ga mai sikeli ya auna maka sau guda, ka zuba cikin gwangwani, ka ja layi inda ya tsaya. Daga ranar gwangwanin nan ne sikelinka.

Maganin ƙwari kuwa ba a yi masa kintace. Da litir ake faɗar ruwan da za a gauraya shi. In ba ka gane rubutun kwalbar ba, kawo ta aji da dare mu karanta tare, kafin ka buɗe ta.