Bayan karɓar mabuɗi: Abin da jeren gidan haya ke ci a Dubai

Duk mai yawan leƙa Facebook ko Instagram ya saba cin karo da tallan: dogon bene mai gilashi, wurin ninkaya a sama, da wani matashi cikin kwat yana cewa ka biya kashi goma ko ashirin cikin ɗari yanzu, sauran a hankali, in an gama gini ka zuba 'yan haya kuɗi su riƙa shigo maka da dirhami. Ga ɗan kasuwar Kano ko Kaduna da ya shekara goma yana saro kaya a unguwar Deira, maganar tana da daɗin ji, domin gari ne da ya sani, kuma ya ga yadda Naira ke narkewa a hannunsa.

Abin da tallan ba ya tsayawa a kansa shi ne ranar da aka miƙa mabuɗi. A ranar ne mai gida zai buɗe ƙofa ya tarar da ɗakuna fes, an shimfiɗa tayil, an yi fenti, ga banɗaki, ga durowoyin kicin da na tufafi a jikin bango, amma babu ko kujerar da zai zauna ya huta. A gine-gine da yawa babu firij, babu murhu, babu injin wanki, babu labule. Ɗakin amarya ne da ba a yi wa jere ba, kuma a nan babu dangin da za su yi karo-karo.

Kuɗin da ke fita kafin a sayi cokali

Mu ɗauki misalin fulat mai ɗakin kwana ɗaya da aka saya a kan dirhami miliyan 1. Hukumar filaye ta Dubai tana karɓar kashi 4 cikin ɗari na kuɗin gida domin rajista, wato dirhami 40,000. Wasu kamfanonin gini kan ɗauke wa mai saye rabin wannan kuɗi ko duka a matsayin garaɓasa, amma wanda ba a rubuta masa haka a yarjejeniya ba, daga aljihunsa zai fito.

Sai kuɗin hidimar gini, wanda mutanenmu suka fi mantawa da shi saboda ba mu saba da shi ba. Shi ne na masu gadi, shara, lif, wurin ninkaya da gyaran benen gaba ɗaya. Ana lissafa shi ne a kan kowace murabba'in ƙafa ta fulat ɗinka, duk shekara, kuma mai gida ne ke biya, ko da kowa a ciki ko babu. Idan ginin na karɓar dirhami 15 a kan ƙafa, fulat ɗin kuma ƙafa 700 ne, ka ga dirhami 10,500 ke nan a shekara. Yawancin kamfanoni ba sa sakin mabuɗi sai an biya wani kaso na wannan tun farko.

Hukumar wuta da ruwa, DEWA, tana karɓar ajiyar dirhami 2,000 kafin ta haɗa wa fulat wuta, ban da kuɗin haɗin kansa. Gine-gine da dama kuma sanyinsu daga wani kamfani daban yake zuwa ta bututu, irin su Empower ko Emicool, su ma da tasu ajiyar da nasu bil na wata-wata. A garin da zafi ke haura digiri 40 daga Yuni zuwa Satumba, ba wanda zai kwana ko dare ɗaya a gidan da ba sanyi.

Akwai wani ƙaramin kashe kuɗi da nake ganin bai kamata a yi masa rowa ba: ɗaukar ƙwararre ya bi gidan lungu-lungu kafin a sa hannu a takardar karɓa. Famfon da ke ɗiga, tayil ɗin da ya ɗago, ƙofar da ba ta rufuwa daidai, soket ɗin da ba wuta. Dokar Dubai ta ɗora wa kamfanin gini alhakin gyara lahanin wuta da famfo da makamantansu na shekara ɗaya, na ginshiƙin gini kuma shekara goma. Amma da zarar an shigo da gado da kujeru, kowane ƙwarzane a bango sai a ce masu dakon kayanka ne suka yi.

Wa zai zauna a ciki?

Amsar wannan tambaya ce ke yanke yawan abin da za a kashe, kuma ya kamata a ba da ita kafin a taka shagon kayan ɗaki.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ba da gidan haya ta shekara ba tare da kaya ba. Mai gida ya sa labule da fitilu, wataƙila firij da murhu da injin wanki, shi ke nan. Ɗan haya zai zo da gadonsa, ya buɗe asusun wuta da sunansa, a yi wa yarjejeniya rajista a tsarin da ake kira Ejari, ya ba da cakin banki ɗaya ko biyu ko huɗu na shekarar. Kuɗin hayar bai kai na gida mai kaya ba, amma ciwon kan ma kaɗan ne.

Ta biyu, haya ta shekara da kaya a ciki. Nan sai gado da katifa, kujerun falo, teburin cin abinci, talabijin. A al'adar kasuwar, ajiyar da ɗan haya ke bayarwa kashi 5 cikin ɗari ne na hayar shekara idan gidan ba kaya, kashi 10 idan da kaya. Sai dai wannan ajiya ba ta cika isa ta maye kujerar da yara suka yi wa wanka da shayi ba.

Ta uku ita ce wadda masu talla suka fi kwaɗaita wa mutane: hayar kwana-kwana ga baƙi ta Airbnb ko Booking.com. Ita ce mai kawo kuɗi da yawa a watannin sanyi, daga Nuwamba zuwa Maris, ita ce kuma mai cin jari. Baƙon da ya sauko daga jirgi da jakarsa kaɗai yake zuwa, saboda haka komai sai an tanada: tukwane, faranti, cokula, wuƙaƙe, butar dafa ruwa, dutsen guga, abin busar da gashi, tawul, zannuwan gado aƙalla saiti biyu ko uku don a sa ɗaya a kai ɗaya wanki, har da madubi da hotunan bango, domin hoton da aka ɗora a intanet shi ke sayar da ɗakin. Waɗannan tarkacen ne ke ba mutane mamaki. Mutum zai lissafa gado da kujera da talabijin ya ce ya gama, sai ya ga ƙananan kayan da ba wanda ke tunawa da su sun tasar wa kuɗin manyan. Duk matar da ta taɓa aurar da 'ya ta san wannan lissafin.

Ba a kuma fara wannan haya sai da lasisi daga hukumar tattalin arziki da yawon buɗe ido ta Dubai, ana sabunta shi duk shekara, ana yi wa kowane baƙo rajista, ana kuma tara wa gwamnati dirhami 10 ko 15 a kan kowane ɗakin kwana a kowane dare, gwargwadon darajar gidan. Wuta, ruwa, sanyi da intanet duk a wuyan mai gida suke. Wanda yake zaune a Najeriya ba zai iya miƙa wa baƙo mabuɗi da ƙarfe biyun dare ba, dole ya ɗauki kamfanin kula da gida, su kuma sukan yanki tsakanin kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na abin da ya shigo.

Ina ake sayen kayan?

Masu matsakaicin ƙarfi sukan nufi IKEA da ke Festival City, ko Home Centre, ko Danube Home. Mai neman rahusa yana da Dragon Mart, babbar kasuwar kayan Sin, wadda 'yan kasuwarmu suka san ta kamar tafin hannunsu. Akwai kuma kayan gwanjo a shafin Dubizzle, inda baƙin da aikinsu ya ƙare ke karyar da kayan ɗakinsu kafin su bar ƙasar. Kusan duk abin da aka saya sabo akwai harajin kashi 5 cikin ɗari a kansa, wanda aka fara karɓa tun Janairun 2018. Kamfanonin da ke yin jeren gaba ɗaya su miƙa maka gida a shirye suna nan birjik, kuma na ɗaki ɗaya da falo maganar dubban dirhami gomomi ake yi, ya danganta da ingancin kayan.

A ganina wuri biyu ne bai kamata a bi araha ba, katifa da kujerar falo. Baƙo zai yafe maka faranti mai sauƙin kuɗi, amma idan ya tashi da ciwon baya sai ya rubuta a intanet, kuma rubutun zai daɗe a wurin fiye da katifar. Wanda kuma ya yi sha'awar fasa bango ko sauya fasalin kicin, ya sani sai da takardar amincewar masu ginin, wani aikin har da izinin hukuma. Ko shigo da kaya cikin bene sai an nemi izini an ba ka ranar amfani da lif.

Inda Naira ke shigowa

Dirhami a ɗaure yake da dalar Amurka, kusan 3.67 a kan dala ɗaya, kuma haka yake tun 1997. Saboda haka duk abin da aka lissafa a sama, da dala ake biyansa a fakaice. A farkon 2023 dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, wajen 750 a kasuwar bayan fage. Bayan an saki Naira a watan Yunin shekarar, sai ga dala ta haura 1,500 a 2024. Jeren dirhami 30,000 da zai ci wa mutum kusan Naira miliyan 6 a farashin 'yan canji na wancan lokaci, ya koma sama da miliyan 12. Gidajen da ake saya tun suna kan takarda sukan ɗauki shekara biyu zuwa uku kafin a gama su, don haka kuɗin jeren da aka ware da Naira a ranar sa hannu ba lallai ya sayi rabin kayan ba a ranar karɓar mabuɗi.

Ga kuma batun zuwa. Daga ƙarshen 2022 zuwa Yulin 2024 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza, jirgin Emirates ma bai dawo Legas ba sai Oktoban 2024. Wanda gidansa ya kammala a wannan tsakanin, kuma ba shi da takardar zama a can, sai dai ya wakilta wani da takardar wakilci ta hukuma ya karɓi mabuɗi, ya zaɓo labule, ya tsaya a kan masu haɗa gado, shi kuwa yana kallo ta bidiyon WhatsApp. Kowane wata da gidan ya yi a rufe ana jiran a gama wannan, kuɗin hidimar gini yana ci gaba da hawa.