Taku na biyar da ya toshe wa Karjakin hanyar kambun duniya

Ranar 30 ga Nuwamba 2016, a birnin New York na Amurka, Magnus Carlsen na Norway da Sergey Karjakin na Rasha suka zauna raba gardamar kambun duniya na wasan ces, bayan wasanni 12 sun tashi 6 da 6. Wasannin gaggawa huɗu aka tanada, kowane ɗan wasa na da minti 25, ana ƙara masa daƙiƙa 10 a kowane taku. Carlsen ya ci na uku, saboda haka Karjakin, mai riƙe da baƙaƙe, ya shiga na huɗu ba shi da mafita sai nasara.

Wannan tilas ce ta sa ya zaɓi buɗewar Sisiliya, wadda ake nema idan ana son hargitsa allo. Masu ita kan jira farin doki ya sauka a c3 a taku na biyar, daga nan rigima ta ɓarke. Carlsen ya ƙi. Ya tura ƙaramin soja zuwa f3, taku mai kama da sanyin jiki, amma ya bar wa sojan c hanya. A taku na bakwai sojan ya isa c4, ya haɗu da na e4 suka tsare gidan d5, inda baƙi ke buƙatar kutsawa kafin ya numfasa. Masana na kiran wannan tsari ɗaurin Maroczy. Mai buga dara a inuwar darbejiya a Bulumkutu ba zai rasa gane dabarar ba: wanda canjaras ya ishe shi, toshe ƙofofi ne aikinsa.

Karjakin ya yi ta lalube, agogo na ci. Daga bisani ya kai sarauniyarsa f2, hasumiyarsa na a2, yana barazanar kama sarkin Carlsen. Barazana ce ta gaske; taku ɗaya na sakaci ya isa.

Sai Carlsen ya kai hasumiya c8, sarkin baƙi ya koma h7, sannan a taku na 50 ya miƙa sarauniyarsa a h6. In sarki ya ci ta, hasumiya ta rufe shi a h8. In soja ya ci ta, ɗaya hasumiyar ta gama a f7. Karjakin ya miƙa hannu. Wannan sadaukarwa ce aka fi yaɗawa a intanet, alhali tun a f3 aka hana shi irin faɗan da ya zo nema. An tashi 3 da 1, a ranar da Carlsen ya cika shekara 26.